Igiyar Awon Soron Inna

Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a Madadi, soronmu ne majalisa. Gidajen unguwar duk an buga musu kwano, kuma in ruwa ya sauka a kan kwano, ko matarka na zaginka ba ka ji. Sai tsofaffi su rufa buhu a ka su tsallako nan. Da an zauna an gama gaisuwa, sai wani ya ce, "Ɗanlami, wai yaya aka yi a ƙasar Faransa?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kowa in ya fita sai ya ƙara nasa. Malam Idi cewa yake an ɗaure ni a can. Audu mai nama cewa yake na yi aure na gudo. To, tunda na ɗan zauna a ajin yaƙi da jahilci, duk da malamin ya ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen yaɓe, bari in rubuta yadda aka yi, kowa ya huta.

Mahaifinmu makiyayi ne. Shi ne na farko a danginmu da ya jingine sanda ya ɗauki fartanya. Da ya zauna a Madadi, sai ya sayar da saniyar da ya fi so, ya kira Gambo magini ya yi masa soro mai ɗaurin guga. Ga wanda bai sani ba, bakuna ne biyu na azara da ƙasa, kowanne ya taso daga bango ya lanƙwasa, suka gitta juna a sama kamar itacen bakin guga, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Inna kuwa a bukka ta tashi, a dajin Masanawa. Ta sha gaya mana cewa a soron nan ta fara yin damina ba ta ja tabarma tana gudun yoyo ba. Bayan Baba ya rasu, nan ta mayar wurin zamanta, nan take kaɗi, nan take karɓar gaisuwa.

A shekarar da gyaɗa ta yi albarka, bakan gabas ya tsage, ƙasa ta fara zubowa. Yayana Sule ya kai gyaɗarsa Gwarzo ya dawo yana tafiya kamar ƙasa tasa ce. Ya riga ya yi magana da wani kafinta a Kabo: a rushe rufin, a kafa katako, a buga kwano.

Inna ta ce, "Sule, ni tuwo ce da za ka kife ni da kwano?"

Ya ce, "Inna, rufin nan in ya sha ruwa a kanki zai faɗo."

"A kira Gambo."

"Gambo yana Maraɗi. Tun muna yara ya bi aikin gina ɗakunan ajiyar gyaɗa, bai waiwayo ba."

"Maraɗin a lahira take?"

Yaya Sule ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma yana da gaskiya. Ya yanke magana: in Gambo ya iso ya gyara kafin ruwan fari, shi ke nan. In hadari ya riga shi, kwano za a buga, ko Inna ta yi fushi. Aka duba wanda za a aika, aka ga in na tafi babu aikin da zai tsaya a gidan. Ba a ma daɗe ana dubawa ba.

A wancan zamani ba a kiran babban magini da baki kawai. Goro ake kai masa da igiyar awo. A ja igiya a cikin ɗakin, a ƙulla inda tsawonsa ya tsaya, a ƙulla inda faɗinsa ya tsaya, a ƙulla tsayinsa daga daɓe zuwa inda bakuna suka haɗu. Magini in ya bi igiyar da hannu, ya ga ɗakin, ya san azarar da zai nema. Inna da kanta ta tufka igiyar da rama, ni da Sule muka auna. Ta naɗa mini ita a ƙugu ƙarƙashin riga, ta ce, "Ɗanlami, ka yar da hula, ka yar da takalmi, amma kada ka bari a taɓa mini ƙullin nan." Na ce, "Haba Inna, kamar ba ki san ni ba." Ta ce, "Sanin ne ya sa na faɗa."

Daga Gwarzo na hau motar gyaɗa mai zuwa Kano, can saman buhuna. Abokiyar zamana wata tsohuwa ce da ɗan akuya, za ta kai wa 'yarta da ta haihu. Muka gaisa, ta ba ni ƙuli-ƙuli, mota ta kama rarrafe, iska ta buge ni, na yi gyangyaɗi. Cikin barci na ji ana jan ƙuguna a hankali, har na fara murmushi. Ina buɗe ido na ga ɗan akuya ya tura kai ƙarƙashin rigata yana tauna bakin igiya, idonsa a lumshe don daɗi. Na yi ihu na fizge. Ya riga ya haɗiye abin da ya kai kamu guda na soron Inna.

Na ce, "Iya, dubi abin da ɗan akuyarki ya yi!"

Ta duba, ta ce, "Rama ce fa, ɗan nan. Ka naɗa abinci a ƙugu ka zauna kusa da dabba, me kake so ya yi, ya yi maka addu'a?"

Na lallashi kaina da cewa kamu guda ne, in na je sai in ce wa Baba Gambo ya ƙara a zuciyarsa.

A Kano na sauka wurin wani ɗan garinmu mai dako a filin dalar gyaɗa. Na tsaya na ɗaga kai ina kallon buhuna an jera su sun yi tsini har hulata ta faɗi. Na ce a raina, watakila gyaɗar Yaya Sule ce can a sama tana kallona. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina wani gini ne da ake yi kusa da tasha. A wurinmu in an ɗora tubali sahu kaɗan, sai a bar shi ya sha iska, a tafi a yi wata sabga. Waɗannan ba sa jira. Birkila na ihu a kawo bulo, wani na lanƙwasa rodi, wani na cewa a zuba linta a kan taga. Na tambayi wani lebura, "Ina azararku?" Ya yi dariya har ya ajiye kwanon siminti, ya kira 'yan'uwansa su zo su ga baƙauye. Gaskiya zan faɗa, da rana ta haska kwanon wani bene ya yi walƙiya, sai da zuciyata ta ce, anya Sule ba shi da gaskiya? Na ci waina na sha kunu, na kore tunanin.

Motar Katsina ta fi ta Gwarzo gudu, ta kuma fi ta lalacewa. A Katsina mai masaukina wani dattijo ne mai fara'a, wanda ba ya barin baƙo ya gama amsa gaisuwa ɗaya kafin ya jefo wata. Da safe igiyar gugansu ta tsinke. Uwargidan ta hango tawa tana leƙe ta ƙasan riga, ta ce, "Baƙo, ara mana mu ja na alwala." Mutanen da suka ba ka fura har da zuma, ta yaya za ka ce a'a? Na ce a yi hankali da ƙulli. Aka ja ruwan alwala, aka ja na girki, maƙwabta suka ji labari suka fito da tuluna. Da aka dawo mini da ita ta jiƙe sharkaf, ta miƙe, ta ƙara tsawo. Na yi murna ma. Na ce Allah ya mayar mini da abin da ɗan akuya ya ci.

Bayan Jibiya aka shiga ƙasar Faransa. Ba wanda ya gaya mini cewa can ba a bin hannun da muke bi. Sai kawai na ga direba ya karkata ya koma ɗaya gefen hanya ya zauna daram. Na kama salati da ƙarfi, na riƙe wuyan wani mai sayar da goro. Ya ɓamɓare hannuna ya ce, "Malam, sake ni. Nan haka suke, komai nasu a juye yake."

A bakin iyaka aka sauke mu duka. Wani mai kaki da gajeren wando da jar hula yana bi yana laluben kaya. Bahaushe ne kamar mu, sai dai harshensa ya karkata irin na can. Ya dafa ƙuguna ya ji tauri.

Ya ce, "Kai, mi ka ɓoye nan?"

Na ce, "Igiya ce, ranka ya daɗe."

Ya sa na warware ta. Ya kama ƙulli na farko ya matsa, ya kai hanci ya sansana. "Mi na cikin wanga ƙulli?"

"Soro ne, ranka ya daɗe."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Soro. Cikin igiya."

"Na mahaifiyata."

Ashe kwanan baya an kama wani ya ƙulle zinariya a cikin igiyar raƙumi. Ina roƙo, ina rantsuwa, mutumin nan ya sa haƙori ya kwance tsawon soron Inna, ya kwance faɗinsa, ya kwance tsayinsa. Bai sami komai ba. Don haushi ya taka bakin igiyar ya ja ta da ƙarfi har ko alamar lanƙwasa ba ta rage ba, ya miƙo mini ya ce, "Tahi da soronka."

Na zauna a gindin wata bishiya ina kallon igiya miƙaƙƙiya, a raina na ga Inna zaune ƙarƙashin kwano tana toshe kunne. Fasinjoji suka kewaye ni, don Bahaushe ba ya ganin mutum cikin damuwa ya hana shi shawara. Mai goro ya ce, "Mutum nawa ke kwana a ciki?" Wani mahauci ya ce, "Tsohuwar doguwa ce ko gajera?" Wani ya ce soron kakansa daga nan zuwa waccan tayar ne, kuma duk soraye ɗaya suke. Kowa ya kama igiya yana nuna wuri da ɗan yatsa. Mutanen da ko sunan Madadi ba su taɓa ji ba, su suka auna soronmu. Ni kuma na ƙulla, na ce amin.

Maraɗi gari ne na Hausawa, amma sai ka kasa kunne sosai. Fura hura ce, kuma ta fi tamu nono, wannan ba zan ɓoye ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, da na ciza sai da na duba ko haƙorina na nan. Na yi ta tambayar Gambo magini, ba wanda ya san shi. Sai wata mai tuwo ta ce, "Ko Maso Gambo Bakano kake nufi?" Ashe can birkila maso ne, siminti sima, kwano kuma tol. Ta nuna mini wani dogon ɗakin ajiya da ake ginawa bayan kasuwa.

Na same shi a kan katako da cokalin gini a hannu, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ɗan Jauro ne na Madadi. Ya sauko a hankali, ya tambayi Baba, na ce ya rasu. Ya yi masa addu'a, ya tambayi Inna da Sule da rijiyar bakin kasuwa da tsamiyar ƙofar masallaci. Na miƙa goro, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Ɗana, ka sha hanya, amma hannuna ya manta ƙasa. Dubi nan, sima nake ci, sima nake sha. Ga gwiwa ta tafi. Kawo igiyar in duba, in faɗa maka azarar da za ku nema, ku sami wani a Gwarzo ya lallaɓa muku. In bai iya ba, ku bar Sule ya sa tol ɗinsa. Zamani ne."

Na san babu mai iya taɓa ɗaurin guga a duk yankinmu, in akwai da ba a aiko ni ba.

Lokacin cin abinci ne, sauran maginan suka matso. A cikinsu akwai wani Maso Ibro, abokin wasan Baba Gambo, baƙi siriri mai wushirya. Da ya ji an ce Madadi sai ya tafa hannu. "Wanga shi ne soron? Jama'a ku taho! Shekara da shekaru Bakanon ga ya hana mu sakat. In mun ɗora bulo ya ce ba kamar soron Madadi ba. In mun zuba dakali ya ce soron Madadi. Yau ga awonsa Allah ya kawo!"

Suka share fili, suka kafa turaku, suka ja igiya daga ƙulli zuwa ƙulli. Tsawo ya fito ɗan kaɗan. Faɗi ya fito bai kai mutum ya miƙe ƙafa ba. Da aka zo tsayi kuwa, sai da wani ya hau katako ya ɗaga hannu, igiya ba ta ƙare ba.

Maso Ibro ya zagaya turakun, ya leƙa tsakiya kamar mai neman ruwa, ya ce, "Gambo, ashe rijiya ka gina ma mutane? Shi ya sa ka sa mata guga!"

Aka fashe da dariya, har wani ya ƙware da tuwo. Na buɗe baki zan faɗi labarin ɗan akuya da mai jar hula. Sai na dubi Baba Gambo, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gemu na rawa. Na mayar da bakina na rufe, na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya a madadinsa.

Ya fizge wani kara ya durƙusa, gwiwar da ya ce ta tafi ta dawo. Ya shiga zane a ƙasa. "Nan na fara tauyi, azara kan azara tana leƙowa daga bango. Nan baka ya tashi. Nan suka haɗu. Mutum goma sha biyu suna zama a ciki su ci tuwo ba gwiwar da ta taɓa wata! Ga indararo ta gabas, ga zanko a kowace kusurwa, da hannuna na murza su!"

Ibro ya ce, "Zane a ƙasa kowa ya iya. Mu igiya muka gani."

Baba Gambo ya miƙe ya jefar da karan. "To zan je in auno shi da kaina, in kawo igiyar in naɗa maka a wuya."

Washegari muna cikin mota. Muka iso bakin iyaka. Mai jar hula ya hango igiya a kafaɗar Baba Gambo ya taso, Baba Gambo ya dube shi sau ɗaya, mutumin ya tuna yana da aiki a wata motar.

Da muka iso Madadi gabas ta fara yin duhu da yamma, kuma ga kwanon Yaya Sule an sauke an jingine a katanga yana ƙyalli. Baba Gambo bai ko sha ruwa ba. Ya gaisa da Inna a tsaye, ya shiga soro, ya bi bango da kamunsa yana motsa baki. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon inda bakuna suka haɗu. Sannan ya sa aka kawo tsani ya hau, ya tura hannu cikin indararo ya zaro sheƙar tsuntsu da tsummoki.

Ya ce, "Ku zo nan, 'ya'yan Jauro. Ruwa ya rasa hanya ya kwanta a kan baka, me zai hana shi tsagewa? Yaushe rabonku da yi wa rufin nan laso?"

Sule ya dube ni, na dubi Sule.

"Ubanku duk shekara yana yi. Ku kuna can kuna ƙirga buhu."

Aka shiga aiki. Unguwa duka ta fito kwaɓa, mata na kawo ruwa, maza na taka ƙasa da ciyawa har gwiwa ana waƙa. Ni aka aika marinar Gwarzo in roƙo katsi, wato dusar baba da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, in bi ta majema in karɓo gashi, don da su ake haɗa lason da ruwa ba ya ratsawa. Na dawo ina wari har karnuka suka raka ni gida. Baba Gambo ya zare ruɓaɓɓiyar azara ya kafa sabuwa, ya ɗaure, ya yaɓa, sai ya sauko ya zauna ya ce sai ta bushe. Sule ya dubi sama ya ce, "Baba, hadari fa." Ya ce, "Ka je ka gaya wa hadarin ya jira. In na ɗora a kan ɗanye, kai za ka tono uwarka." Haka aka yi ta yi, a ɗora, a jira, Sule na zagaya gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sau biyu ya sa aka matso da kwano gindin soro. Sau biyu Inna ta fito ta zauna a kansa da abin kaɗinta.

Ranar da aka shafe laso ya kama jikinsa, washegarinta da la'asar iska ta taso, ruwan fari ya sauka. Muka shige soro, mu da Baba Gambo da duk wanda ya taka ƙasa. Ba ka jin komai a sama sai wani ɗan sauti mai taushi, ga indararo can waje tana zuba kamar ana tsiyaye tulu. Inna ta ɗaga kai ta bi bakan gabas da ido tun daga bango har tsakiya. Ko ɗigo. Ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa daidai ƙarƙashinsa. Kwanon Sule kuwa rumfar awaki aka yi da shi, saboda haka a gidanmu dangin wancan ɗan akuya ne suka fara kwana a ginin zamani.

Da Baba Gambo zai koma, Inna ta tufka sabuwar igiya, ya ƙulla awon da hannunsa don wuyan Maso Ibro. Ya zo sallama ina tsugune a gefe. Ya ce, "Inna, tun a Maraɗi na san yaron nan ya ɓata awo, ya kuma yi shiru da gangan yana kallo ana yi mini dariya. Da ya kawo igiyar daidai, da na faɗa masa yawan azara na sallame shi, ban zo ba."

Inna ta ci gaba da kaɗinta, ta ce, "Shi ya sa ban aiki Sule ba."

Ta yi sauran damununta a ƙarƙashin bakan nan, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba Gambo da Yaya Sule. Lason kuwa ban sake bari shekara ta wuce ba, shi kaɗai ne aikin da aka taɓa shaidata da shi. Tsohuwar igiyar tana nan rataye a jikin azara da ƙullin mutanen mota. Wanda bai yarda ba ya zo ran da aka yi ruwa, ya sauke ta ya auna, ya ga rijiyar da muke zaune a ciki.